Saude Tana Kano

Litinin, 23 ga Satumba, bayan La'asar

Na dawo. Na baro matata Saude a asibitin Kano tare da Gwaggo, mahaifiyarta. Mace ɗaya ake bari ta zauna jinya, mu maza sai lokacin ziyara. Sun ce za ta jima. Ban tambayi tsawon jimawar ba, su ma ba su faɗa ba.

Tun daga Kwanar Dangora nake tsara abin da zan gaya wa yara. Ina sa ƙafa a zaure Ramla ta rungume ni ta ce, "Abba, ina tsarabata?" Nan jawabin ya watse. Allah ya so ni na sayo gurasa.

Inna, mahaifiyata, tana kan tabarmarta, ta miƙe gwiwoyin nan da suka ƙi ta tun bara. Ta dube ni na ɗan lokaci. Can ta ce, "To Rufa'i, wa zai tuƙa mana tuwo?"

Abu ɗaya Saude ta roƙe ni da zan fito: kada babbar 'yarmu Shamsiyya ta fasa boko ko Islamiyya saboda girki. Na ce na ɗauka. Ashe ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Laraba, 25 ga Satumba, bayan Magariba

Maƙwabta sun kyauta, amma kwanon maƙwabta ba ya zuwa kullum. Yau ina tasowa daga makaranta na ajiye alli na ɗauki muciya.

An kawo wa Inna kujera bakin madafa, tana ba da umarni da sandarta. "Talge tukuna! Wa ya ce ka zuba gari? Kai, riƙe tukunyar da ƙafa mana! Haka kake koyar da 'ya'yan mutane?" Hayaƙi ya cika min ido, majina tana zuba, Ramla tana tsalle tana waƙa wai Abba yana kuka.

Da aka zo ci, Mujitaba ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya tauna, ya ce, "Abba, yau tuwon da ƙashi aka yi?" Inna ta yi dariya har sai da aka miƙa mata ruwa. Shamsiyya ce kawai ta rufa min asiri, ta ce miyar ta yi daɗi. Ita ta kaɗa miyar kafin ta tafi Islamiyya.

An cinye tas, gudajin da komai.

Juma'a, 27 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Labari ya riga ni zuwa majalisa. Ina isa ƙofar shagon Shitu tela ya miƙe ya kakkaɓe min benci da hularsa, ya ce, "A ba uwargida wuri! Uwargida, yau me aka ɗora mana?" Kowa ya kwashe da dariya. Ashe akwai gari a gefen hulata, da shi na yi sallah a sahun gaba.

Na ce masa duk ranar da ya iya sa aljihu a daidai sai ya zo mu yi maganar tuwo.

Mun yi waya da Saude. Muryarta ta fi ta shekaranjiya. Ta ce kumburin ƙafar ya ɗan saɓe, hawan jinin ma ya ɗan sauka. Sun hana ta gishiri, ta ce abincin kamar ana cin takarda. Sai ta ce, "Malam, da gaske kai ka tuƙa?" Na ce da gaske. Ta yi ta dariya har na ji Gwaggo tana cewa ta bi a hankali.

Ta bi a hankali. Kowa haka yake cewa.

Lahadi, 29 ga Satumba, da hantsi

Kan Ramla ya zama saƙar tsuntsu. Shamsiyya ta tsefe, amma Ramla ta rantse ba mai taɓa mata kai sai Umma ko Abba. To Umma tana Kano.

Na zaunar da ita tsakanin gwiwoyina, na tsaga, na kama. Ashe kitso ba igiya ba ne. Na yi guda uku, ɗaya ya kalli gabas, ɗaya ya kalli Doguwa, na ukun ya tsaya cak kamar ƙahon bunsuru. Ana haka matar Hamma ta yi sallama da ƙwaryar nono. Hamma abokina ne tun muna firamare, rugarsu tana bayan gonata. Matar ta sauke ƙwarya, ta dubi kan yarinyar, ta rufe baki da gefen mayafi. "Malam, laifin me ta yi maka?"

Ta karɓe ta, ta yi mata kitson Fulani mai kyau har da wuri a goshi. Ramla ba ta ko motsa ba. Yanzu tana yawo gida gida tana cewa ita Bafillatana ce, a kira ta idan za a tatsi saniya.

Matar Hamma ta ƙi karɓar komai na nonon. Ta ce na mai jiki ne, a sha a madadinta.

Talata, 1 ga Oktoba, bayan Azahar

Babu makaranta yau. Jar akuyar Saude ta haihu a bayan rumbu, 'ya'ya biyu, duk masu rai, har sun miƙe suna tangaɗi. Mujitaba ne ya gano, ya shigo da ihu kamar gobara ta tashi. Nan take aka fara rigimar suna. Ramla ta ce Gurasa da Alewa. Mujitaba ya ce ba a sa wa namiji Alewa. Inna ta yanke hukunci: sai mai akuya ta dawo.

Suka matsa a kira Umma a gaya mata. Na kira, na ba su wayar. Na ji tana ta "Masha Allahu, masha Allahu." Da wayar ta dawo hannuna sai muka yi sallama, ni da ita.

Ita akuya ba wanda ya kai ta Kano. Ta zagaya bayan rumbu kawai.

Astagfirullah. Na je na yanko mata ganye.

Alhamis, 3 ga Oktoba, da safe

Waya ba ta shiga.

Alhamis, bayan La'asar

Ta shiga. Sagir, ƙanen Saude da yake aiki a Kano, shi ya ɗauka. Jinin ya sake hawa. Sun sauya mata ɗaki.

Da na taso daga masallaci ban biyo ta kasuwa ba, na bi ta bayan gari. Na tsaya inda na saba tsayawa a maƙabarta. Ciyawa ta rufe wurin, har sai da na duba kafin na gane su, saboda ƙanana ne. Na cire ciyawar da hannu, na yi addu'a, na dawo.

Inna ta ga ƙasa a gwiwar wandona. Ta ce, "Je ka wanke hannu, shinkafa da wake za ka dafa, wannan ko makaho ya iya."

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan Magariba

Yau mun sha gudu. Masarar da muka karyo ranar Laraba tana shanye a tsakar gida da ƙofar gida, rana ƙwal, sai ga hadari ya taso daga kudu baƙi ƙirin. Kowa ya ce ai damina ta yi sallama, ashe ta manta sandarta ta dawo ɗauka.

Ni da buhu, Shamsiyya da daro, Mujitaba da bokiti, Ramla da murfin kwano tana ɗaukar masara ɗaiɗai tana cewa a ba ta hanya. Inna tana daga rumfa tana kiran sunan kowa a karkace. Hamma yana wucewa a babur, ya jingine shi ya shigo. Mun kwashe ta ƙarshe ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na zame a bakin rumbu na zauna daɓas cikin taɓo, yara suka faɗo kaina, muka bar ruwan ya dake mu. Rabon da in yi dariya irin wannan har na manta.

Bayan an sauya kaya, Shamsiyya ta kawo min shayi, ta tsaya ba ta tafi ba. Ta ce, "Abba, irin na waccan shekarar ne?"

Na ɗauka ba ta tuna ba. Na ce, "Wannan karon tana hannun likitoci tun da wuri. Ki yi ta addu'a."

Ta ce, "Ina yi." Ta ɗauke kofin tun ban gama sha ba.

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan Azahar

Sagir ya kira ina cikin aji. Gobe za a yi mata aikin. Ba za su ƙara jira ba. Sun ce in zo, kuma in zo da mutanen da za su ba da jini.

Ban san yadda ake roƙon jini ba. Bayan an sallame sallah na matsa kusa da liman na faɗa masa a hankali, shi kuma ya juya ya faɗa da ƙarfi. Kafin ya rufe baki Shitu ya miƙe. "Wa zai bar uwargida ta tafi ita kaɗai? Ni ne na farko." Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Aka yi ta ɗaga hannu har sai da liman ya ce motar ba tirela ba ce.

Hamma ba ya masallacin, amma kafin La'asar ga shi a ƙofar gida da sandarsa. Ban san wa ya gaya masa ba.

Matar Hamma za ta kwana da Inna da yara.

Talata, 8 ga Oktoba, da hantsi, Kano

Na sa hannu.

Talata, kafin Azahar

An shiga da ita. Ta ce in yafe mata. Na ce ta daina wannan maganar. Ya kamata in ce na yafe. Na yafe, na yafe, babu ma abin yafewa.

Talata, bayan La'asar

An fito. Ba ta farka ba tukuna.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan Azahar, Kano

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Bari in rubuta tun daga farko.

Jiya da aka kai mu ɗakin ɗibar jini, Shitu ya shiga yana taƙama, ya naɗe hannun riga, ya ce wa ma'aikaciyar ta ɗebi son ranta. Aka gwada, aka ce nasa bai dace ba, amma za a karɓa a ajiye wa wani. Ya fito yana faɗa, wai an raina jinin teloli. Na Hamma ne ya dace. Hamma da yake kayar da bijimi shi kaɗai, yana ganin allura ya ce, "Malam, riƙe min hannu." Na riƙe. Ya rufe ido yana ta salati da Fulatanci da Larabci a haɗe. Da aka gama ya miƙe zai nuna jarumta, sai ga shi a ƙasa. Aka ba shi madara. Ya roƙe mu kada labarin ya isa ruga. Shitu ya rantse ba zai faɗa ba, kuma tun a harabar asibiti ya fara kiran mutane a waya.

Sun koma gida jiya da yamma. Ni na zauna.

Yau da safe Gwaggo ta leƙo ta yafuto ni. Saude ta buɗe ido. Leɓenta a bushe, fuskarta ta yi fari. Na tsuguna kusa da gadon na ce, "Sannu." Ta motsa baki, na kai kunne. Ta ce, "Wa ka bar wa yarana?"

Na faɗa mata. Ta lumshe ido. Can ta ce, "Ka gan ta?"

Na gan ta. Ta bayan gilashi, a cikin kwalba, a wani ɗaki da ba a shiga da takalmi. Tsawonta bai fi masara guda ba. Ga roba a hanci. Na daɗe ina kallon ƙirjinta, yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka. Wata nas ta ce in matsa wasu ma su ga nasu. Na matsa, na sake bin layi.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan Magariba

Gida. Na durƙusa gaban Inna na ce, "Mace ce." Ta riƙe carbinta da kyau. Matar Hamma ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, Inna ta ɗaga mata hannu. "A bari tukuna."

Yara na ce musu Umma ta samu sauƙi. Shamsiyya ta dube ni, na gyaɗa mata kai, ta shige ɗaki da gudu. Mujitaba ya ce shi dai tunda na dawo, don Allah a bar matar Hamma ta ci gaba da tuwon.

Asabar, 12 ga Oktoba, da safe

Sun ce shawara ce, idon jaririyar ya yi rawaya. Sun sa ta ƙarƙashin wata fitila.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan La'asar

Babu sabon labari. Na ɓare masara har tafin hannuna ya yi kanta. Babu sabon labari.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan Azahar

Rawayar tana washewa. Saude ta taka da ƙafarta har ɗakin, an bar ta ta sa hannu ta taɓa ta. Ta ce ta kama mata yatsa ta ƙi saki.

Na tambayi Inna ko a ɗaga suna sai sun dawo. Ta ce, "Waɗancan ba su kai an sa musu ba. Wannan ta kai. Gobe a raɗa."

Na je wurin Hamma neman rago. Ya riga ya ware ɗaya tun ranar da ya dawo daga Kano.

Talata, 15 ga Oktoba, da hantsi

An raɗa suna bayan sallar Asuba, a masallacinmu. Babu taro, babu maroƙa, dabino da goro kawai. Amma masallacin ya cika har waje. Liman ya yi addu'a, ya faɗi sunan, mutane suka amsa.

Fatima.

Tun da aka fara wannan abu ban rubuta komai game da ita kai tsaye ba, ina jin tsoro. Yau ga shi na rubuta. Fatima. Fatima Rufa'i. Ya yi kyau a takarda.

Shitu ya kawo wata 'yar riga da ya ɗinka, ya ce ya auna da kwalbar lemo tunda an ce a kwalba take. Aljihu biyu ya sa mata, duk a karkace. Na ce me jaririya za ta sa a aljihu? Ya ce jinin da aka ce bai dace ba.

Na kira yara na faɗa musu sun yi ƙanwa. Ramla ta ce, "A ina aka samo ta?" Mujitaba ya ce, "Mace kuma?" Sai a lokacin Inna ta dubi matar Hamma ta ce, "To, yanzu yi." Guɗar ta tashi har kaji suka watse.

Mun soya naman, na aika wa su Gwaggo nasu da motar safe. Ban ƙona ko tsoka ɗaya ba, a rubuta wannan.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan La'asar, Kano

An cire robar hanci. Tana kama nono da kanta. Har yanzu ta gilashi nake ganinta, kuma kullum na zo barci take. Gwaggo ta ce hancina ne, Saude ta ce Allah ya sawwaƙe.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan Magariba

Lahadi za a sallame su, in Allah ya yarda.

Gidan ya rikice. Inna ta sa an fitar da komai na ɗakin Saude an shanya, an share, an turara. Na faso itace har ya kusa kai katanga. Na gaya wa Inna likita ya ce banda wankan tafasasshen ruwa sai ɗinki ya warke. Ta ce, "Shi likitan sau nawa ya haihu?" Mun daidaita a kan ruwa mai ɗumi. Ina jin za a sake wannan shari'ar idan Gwaggo ta iso, kuma su biyu ne ni kaɗai.

Ramla ta share wuri a kan tabarmarta, ta ce nan Fatima za ta kwanta, kuma za ta ara mata 'yar tsanarta amma ba kyauta ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan La'asar

Sun iso.

Sagir ne ya kawo su. Tun daga bakin titi yaran unguwa suka biyo motar. Saude ta fito a hankali, tana dafa ƙofa, ta rame, amma ita ce. Mujitaba da ya ce shi babba ne ba zai yi kuka ba, shi ya fara. Shamsiyya ta riƙe hannun uwarta har ɗaki ba ta saki ba. Ni na tsaya ina ta sauke kaya, ina sake ɗaukar wanda na riga na sauke.

Gwaggo ta miƙa wa Inna ƙunshin zani. Inna ta buɗe fuskar, ta tofa addu'a, ta daɗe tana kallo. Ramla ta kutsa ta leƙa, ta ɗago a fusace.

"Wannan ce duka?"

Aka ce ita ce.

"Duk daɗewar nan? Ko haƙori ba ta da shi. Umma, a mayar a sako babba."

Dariyar da aka yi ce ta tashe ta. Ta yamutsa fuska, ta buɗe ɗan bakin nan, ta tsala kuka. Ƙaramar murya, amma ta cika tsakar gidan har zaure. Ina riƙe da buhun kaya na tsaya cak. Sai yanzu na ji ta. Waɗancan biyun ba mu taɓa jin muryarsu ba.

Gwaggo ta miƙa hannu za ta karɓa. Shamsiyya ta ce a ba Umma, yunwa take ji. Na dubi Saude, ita ma ni take kallo.

Inna ta ƙara rungume ta, hawaye yana bin kumatunta.

"Kada wanda ya rarrashe ta," ta ce. "Ku bar ta ta yi."